Takardar da ta yi damina a cikin hulata

Shekarun baya, tun furfura ba ta gama cinye mini gemu ba, ina noman albasa a bakin dam ɗin Goronyo. Gidanmu yana Lahodu, a ƙasar Wurno, amma da an kai gero rumbu sai in tattara in koma bakin ruwa, in kafa bukka kusa da mashigi, in zauna har hadari ya fara haɗuwa a gabas.

A mashigin nan akwai abokina, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara. Shi jirgi yake tuƙawa. Da safe ya ƙetarar da manoma da kayansu zuwa ɗaya gaɓar, da marece ya kwaso su. Ya daɗe yana aiki da injin fetur, har fetur ya gagare shi. Sai ya rufe ido ya sayar da injin, ya haɗa da shanun huɗarsa guda biyu, ya sayo wani ƙaramin inji mai aiki da batir, da faifan sola da ya kafa bisa rumfar jirgin. Batirin irin na zamani ne, wanda ake ce wa litiyam. Mutum ɗaya na iya sungumarsa. A gefensa akwai ɗan maɓalli, in ka danna sai ƙananan fitilu kore su kama, huɗu in ya ƙoshi, ɗaya in yana jin yunwa. Jirgin ba ƙara, ba hayaƙi. Da farko tsofaffi har tsoron shiga suke yi, wai abu na tafiya bisa ruwa ba a jin abin da ke tura shi.

Wannan batirin shi ne gonar abokina, shi ne rumbunsa. In ya mutu, ba shi da sauran shanun da zai sayar.

A shekarar ne na shiga ajin yaƙi da jahilci a garin Wurno. Asabar da Lahadi nake hawa babur in tafi, in zauna ajin bayan La'asar, in leƙa iyali, in koma. Na yi allo ina yaro, alhamdu lillahi, amma boko bai taɓa ratsa ni ba. Wata biyu da farawa na san baƙaƙe da wasula, ɗaya-ɗaya, in an rubuta su manya a kan allon bango. Iyakar abin da na iya ke nan. Amma ka san mutum da sabon abu. Wata rana ana zaune a mashigi ana jiran jirgi ya cika, sai na je gaban wani buhu, na ɗora yatsa, na gyara murya, na ce, "Ta...ki. Taki."

Buhun taki ne kuwa. Ko jakin da ya ɗauko shi ya san taki ne. Amma mutane suka ɗauki kabbara, abokina ya miƙe tsaye cikin jirgi ya ce, "Kai jama'a, mun samu malami bakin ruwa!" Tun daga ranar ya bar kirana da sunana, sai Malam. Ni kuma ban ce masa a'a ba. Kaina ma ƙara girma ya yi. Ni ina ce masa Sarkin Jirgi, shi yana ce mini Malam, muna ta jin daɗin sarautunmu.

Ana ƙarshen bazara, rana tana dukan ƙasa kamar da gayya, aka aiko masa cewa mahaifiyarsa ta faɗi a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Can Tursa take, a ƙasar Rabah, wurin ƙanwarsa. Ya zo bukkata da hantsi a kan babur ɗin haya, ko sauka bai yi ba. Ya miƙo mini makullin akwatin batir da wata takarda a ninke.

Ya ce, "Malam, jirgi amana ne hannunka. Sati biyu, in Allah ya so. Na biya wurin mai sola, na ce mashi za a aje batir ba aiki, shi ya rubuta wanga. Komi na ciki."

Na karɓa. Na buɗe ta, na dube ta sama da ƙasa kamar alƙali, na gyaɗa kai. Na ninke na sa cikin hula, inda muke ajiye duk abin da ba mu so ya ɓata.

Ya ce, "Ka gane ko?"

Na ce, "Tahi dai. Ka gaishe da Inna, Allah shi ba ta lahiya."

Da ƙurar babur ɗin ta kwanta na koma cikin bukka na fiddo takardar. Layi biyar ne da biro, sai lambar waya a ƙasa. Rubutun mai sola ba irin na malaminmu ba ne. Baƙaƙen sun riƙe hannun juna suna gudu, ban san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Na juya ta, na matso da ita, na nisantar da ita. Gumi ya ɗiga a kai. Akwai mutum uku a mashigin da za su iya karanta mini ita kafin shayi ya huce. Amma a gabansu na karanta taki. Na mayar da ita cikin hula.

Na ce wa kaina, to, batir dai batir ne. Ni ba baƙon batir ba ne. Shekaru na yi da batirin mota a gida, da shi muke kunna rediyo da fitila. Dokarsa na san ta: ka cika shi fal, ka ajiye, in ya yi sanyi ka kwance murafen kansa ka ɗura masa ruwan batir, ka kai wa mai caji. Sai na bar na abokina a jikin sola kwana biyu har fitilu huɗu suka kama. Na kwance faifan da injin da cajarsa na kai gidan wani dattijo da ke kusa, don kada ɓarayi su gani su yi sha'awa. Batirin kuwa na bar shi inda na same shi, cikin akwatinsa na kwano da aka kafe a jikin jirgin, na danna kwaɗo. Muka ja jirgin gefe muka ɗaure. A ganina na yi aikin hankali.

Ina cikin danna kwaɗon ne masunta suka kewaye ni. Abokina ya saba bar musu wata 'yar waya mai baki uku da ke fitowa daga batirin, suna cajin salularsu da tocilansu a jiki in ya dawo aiki.

Babbansu ya ce, "Malam, mi za mu yi da wuta yanzu? Rufe muna za ka yi?"

A wurinmu, tun ina yaro, mace kan shigo gidan maƙwabta da kasko ta ɗebi garwashi, ba ta ma tsaya roƙo ba, sallama kawai. Ba a hana wuta. Wanda ya hana wuta ko ruwa, sunan yana binsa har jikokinsa. Mutanen bakin ruwa haka suka ɗauki caji, ni ma haka na ɗauke shi. Kuma mai garwashi ba ya rasa komi don an ɗiba. Abin da ban tsaya na lura ba shi ne, wannan murhun na riga na kwashe itacensa na kai gidan dattijo.

Na ce, "Haba, wa ya isa?" Na zaro wayar ta wata 'yar kafa a gindin akwatin na bar ta tana lilo. Suka yi ta sa mini albarka.

Kwana kaɗan bayan haka ruwan farko ya sauka. Na kwashe albasata, na koma Lahodu shuka.

Sati biyu suka wuce abokina bai dawo ba. Ɗorin farko da aka yi wa Inna bai zauna ba, aka sake. Wayarsa ba ta cika shiga ba, sai ya hau wani tudu bayan gari. In ya samu ya kira, bayan gaisuwa da labarin jikin Inna sai ya ce, "Malam, takarda dai?"

Ni kuma in ce, "Tana nan cikin hula."

Ban yi ƙarya ba. Tana nan cikin hula. Amma duk sanda na faɗa sai in ji kamar hular ta ƙara nauyi.

Noman farko ya zo, maimai ya biyo baya. Mai gona ya san yadda damina ke haɗiye kwanaki. Kullum ina cewa jibi zan leƙa jirgi, har aka yi wata biyu da 'yan kwanaki. Ran da na samu kaina na hau babur na tafi, tun kafin in kafe shi wani masunci ya tare ni.

"Malam, sai yau? Wutarku ta ɗauke tun tuni, ta kai sati uku. Mun zaci da gangan kunka kashe."

Na buɗe kwaɗon. Ko da yake damina ce, ranar babu hadari, kwanon ya sha rana, zafin da ya bugo ni daga cikin akwatin kamar na tanderun burodi. A ƙasan akwatin kuma ga danshi ya taru. Na danna maɓalli. Babu huɗu, babu ɗaya. Na sake dannawa, na danna da babban yatsa har ya yi fari. Shiru. Na zauna a gefen jirgin, ba abin da nake gani sai shanun nan biyu, wani fari da wani ja, ranar da aka kora su kasuwa abokina yana tafe a bayansu.

Na kwance batirin, na naɗe da bargo, na ɗaure a bayan babur, na kawo shi gida. A hanya na tsaya Wurno na sayi kwalbar ruwan batir. Na ce ƙishi ne ya kashe shi, zafin akwatin nan ya shanye masa ruwa, in na ɗura masa na kai wa mai caji zai farfaɗo, ba wanda zai ji labari.

Washegari Asabar. Bayan Azahar na shimfiɗa tabarma a zaure na sa shi gaba. Na nemi murafen da ake kwancewa, babu. Sama sumul, sai wasu ƙananan kusoshi a kusurwa, an manna wata 'yar takarda mai sheƙi a kan ɗaya. Na ce lalle ramin ruwan a ciki yake. Na ɗauko sukudireba, na kafa a kan kusa ta farko, na murɗa. Ta motsa.

Daidai nan maiɗakina ta leƙo da kwanon fura. Ta dubi batir, ta dubi kwalba, ta dube ni.

Ta ce, "Maigida, haka takardar ta ce a yi?"

Na ce, "Wace takarda?"

"Wadda kake canza ma hula. Na wanke hula uku daminar ga, kowace na ɗauka sai ka yi wuf ka cire ta ka maida cikin wata. Ni ban iya karatu ba, amma na san takardar da anka karanta da wadda ba a karanta ba."

Na ce mata aikin maza ne, ta bar ni. Ba ta tafi ba. Ta ajiye furar ta tsuguna a bakin ƙofa.

"Yau ba Asabar ba ce? Kai ma malaminku ita mana."

"In ce mashi mi? Wata biyu ina yawo da ita bisa kai?"

Ta ce, "To zaɓi. Ko ka ji kunya gaban Malam yau, ko ka ji ta gaban mai shanu in ya dawo. Ta Malam dai kwana guda ce."

Ta tashi ta shige. Na daɗe ina kallon sukudireba a hannuna. Daga baya na mayar da kusar yadda take, na sa hula, na hau babur. Kwalbar ruwan kuwa, ban san dalili ba, na jefa ta aljihu.

Malaminmu tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, ɗan gidan malamai ne na cikin Wurno, mutum mai magana a hankali kamar yana auna ta. Mu goma sha wani abu ne a ajin, duk magidanta: manoma, da mahauci ɗaya, da wani tela mai bakin tsiya. Kafin a fara na ja Malam gefe na cire hula. Na faɗa masa komi, har da buhun taki. Bai yi dariya ba, sai dai gemunsa ya ɗan motsa.

Ya duba takardar ya ce, "In karanta maka yanzu, ko kai ka karanta da kanka?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, rubutun ga ya fi ƙarfina."

"Rubutun ne ko karatun? In ka yarda in sa ta bisa allo, ita ce darasinmu na yau. In ba ka yarda ba, mu koma bayan ɗaki in karanta maka, ba mai ji."

Na ce tunda hula ta riga ta sauka, a sa.

Ya kwafe layukan biyar da alli, manya-manya, kowane baƙi ya tsaya da ƙafarsa. Abin mamaki, sai na ga ashe na san su. Wata biyun da na yi ina ɓoye takardar ban fasa zuwa aji ba, karatun yana ta shiga ban sani ba. Malam ya ce in tashi. Ya ce kada kowa ya taya ni sai na nema.

Na fara, ina haɗa gaɓa da gaɓa kamar mai tsallaka rafi bisa duwatsu.

"Ka-da a bar shi ci-kin jir-gi. A kai shi i-nu-wa, wu-ri mai is-ka, ba bi-sa ƙa-sa ba."

Malam ya ce, "Madalla. Ina ka bar shi?"

Na ce, "Cikin jirgi."

Tela ya ce, "Ɗaya."

Layi na biyu ya ce a cire duk wata waya daga jikinsa. Malam ya dube ni ta saman tabarau. Na ce na bar wa masunta guda. Tela ya ce, "Biyu." Na uku ya ce kada a ajiye shi cike fal, kada kuma a bar shi fanko, fitila biyu ko uku sun isa. Mahauci ya ce, "Wanga kam ka haɗa duka biyun, ka cika shi kuma ka bar shi fanko." Aji ya kwashe da dariya, har ni. Na huɗu ya ce duk wata a danna a duba, in ya koma fitila ɗaya a ba shi wuta da cajarsa, ba da ta wani batir ba. Tela ya ɗaga yatsu huɗu bai ma yi magana ba.

Sai na biyar. Wannan ba wanda ya yi dariya, don sun ga yadda na tsaya.

"Ka-da a bu-ɗe shi. Ba ya shan ru-wa. In ya ɗau-ke, a ki-ra ni."

Na sa hannu aljihu na fiddo kwalbar na ajiye bisa teburin Malam. Tela ya cire hularsa ya ce, "La'ilaha illallahu. Ka ɗura?"

Na ce, "Saura kusa uku da rabi."

Malam ya ce, "To huɗu sun wuce, ta biyar ta tsaya. Karanta lambar, a kira shi."

Lamba kam na iya. Mai sola ya ɗauka. Da na yi masa bayani sai ya jero mini tambayoyi kamar likita. Na buɗe shi? Na ce kusa ɗaya, rabin juyi, na mayar. Na kai wa masu cajin batirin mota? A'a. Na goga wayoyinsa don in ga tartsatsi? Na ce Allah bai kawo ni nan ba tukuna. Ya kumbura, ko yana wani wari? A'a. Ya ja numfashi ya ce, "Baba, kada ka ƙara taɓa shi. Akwai mai gadi cikinai, in ya ga wuta ta kusa ƙarewa sai ya rufe ƙofa, batir ya yi barci. Wani barcin ana tashi, wani in ya daɗe ba a tashi. Sati uku da yawa. Kawo shi gobe da safe mu gani, amma ban yi maka alkawari ba."

Da aka tashi aji Malam ya ce mini, "Saura mai abu." Na ce sai na ji sakamako tukuna. Ya ce, "In ka bari sai ya tashi, labari za ka ba shi. In ka faɗa mashi yanzu, gaskiya ka faɗa mashi." Bai ƙara ba.

Kafin Magariba na yi ta gwada lambar abokina har ta shiga. Na ce masa, "Sarkin Jirgi, ban karanta takardar ba. Ban iya ba. Na bar batir cikin jirgi, masunta sun shanye shi, yanzu ko fitila guda ba ta kamawa." Ina jin kukan awaki a bayansa. Can ya ce, "Kai shi wurin yaron nan mai sola. In ka ji abin da ya ce, ka kira ni." Bai ce mini Malam ba. Wannan ya fi mini zafi da a ce zagina ya yi.

Da sassafe na ɗaure batir a babur, na biya gidan dattijon nan na ɗauki caja, na nufi shagon mai sola a Goronyo. Matashi ne magidanci, mai fara'a, amma da ya ɗora abin awonsa a kan batirin fara'ar ta ragu. Ya jona masa wata 'yar na'ura, ya ce da kaɗan-kaɗan ake fara ba shi, kamar wanda ya daɗe bai ci abinci ba, ba a fara masa da tuwo. Ya ba ni benci. Na zauna. Mutane suna shigowa suna fita, ana gyaran fitila, ana gardamar ƙwallo, ni idona yana kan ɗan maɓallin nan. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaide ni, albasa ta koya mini. Amma ranar na gane jiran albasa wasa ne. Sau uku ina miƙa hannu zan danna yana cewa, "Baba, bari."

Aka kira Azahar. Na je masallaci, na yi roƙon da ban taɓa tsammanin zan yi wa akwatin roba ba. Da na dawo na tarar da mai sola yana cin gyaɗa, ya juya mini baya. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "To, danna."

Na danna. Fitila ɗaya ta kama. 'Yar ƙarama, kore, kamar ƙwayar gero.

Na koma bisa benci. Ban san sanda na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi ba har masu gardamar ƙwallo suka juyo. Kafin La'asar fitila ta biyu ta biyo, sannan ta uku, ya cire shi. Ya gaya mini gaskiya: zafin akwati da yunwar nan sun ɗan rage masa ƙarfi, ba zai koma kamar ranar da aka saye shi ba, amma zai yi aiki shekaru. Ya ce da ruwan nan ya shiga cikinsa, da wuta ta tashi, ba batirin kaɗai ba, zauren ma sai an yi sa'a.

Na tambaye shi yadda zan ajiye shi har mai shi ya dawo. Ya ce, "Ba rana, ba danshi, ba bisa ƙasa ba, inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da kara. Kuma a riƙa leƙawa."

Na ce, "Yaro, ai albasa ka faɗa. Da tun farko an ce mani albasa ce, da ba a yi haka ba."

A nan bakin shagon na kira abokina. Na ce, "Uku sun kama." Na ji ya sauke wani dogon numfashi, sannan ya ɗaga murya yana cewa, "Inna, ya tashi!" Ashe har tsohuwa tana kwance tana taya mu jira.

Na kai batirin gida, na jera bulo biyu a kusurwar zaure inda iska ke bi, na ɗora katako, na zaunar da shi babu waya ko ɗaya a jikinsa. Takarda ta ce duk wata a duba. Ni duk Juma'a nake dubawa, maiɗakina tana cewa ko sabon jariri ba a yi wa haka.

Sai da gero ya fara fitar da kai abokina ya dawo. Inna ta miƙe, tana takawa da sanda. Muka kai kaya bakin ruwa, muka kwashe ruwan da ya taru cikin jirgi, muka kafa faifai, muka ɗaura inji. Masunta suka taru suna kallo, babbansu yana ta sosa ƙeya yana cewa su ba su sani ba. Abokina ya ce ba laifinsu ba ne, wuta tana nan in jirgi na aiki, in an ajiye shi kuwa sai haƙuri. Ya murɗa hannun injin. Jirgi ya zame bisa ruwa shiru, kamar bai taɓa tsayawa ba.

Mu biyu ne kawai a ciki. Da muka kai tsakiyar ruwa sai ya kashe injin, ya juyo ya dube ni.

"Takardar na nan?"

Na cire hula na fiddo ta. Ta yi laushi, gumi ya rine gefenta.

Ya ce, "Ka san ni ma ban san abin da ke cikinta ba? Ran nan mai sola ya so ya zaunar da ni ya yi mani bayani, na ce mashi sauri nike, rubuta kawai, muna da malami bakin ruwa. Ni na hana shi magana, don ina taƙama da kai."

Ashe buhun takin nan har shagon mai sola ya kai.

Ya gyara zama, ya harɗe hannu kamar ɗalibi, ya ce, "To Malam, karanta muna. Ni ma in ji abin da na ba ka."

Na karanta masa layi biyar ɗin, daga rubutun biro ɗin kansa, ba daga allo ba. A hankali, amma ban tsaya ba. Da na kai ƙarshe ya ce, "Ba ya shan ruwa? Wallahi da ni ne ma da na ba shi." Muka yi dariya har jirgi ya yi tangaɗi.

Yau ga shi ni ke rubuta wannan da hannuna, ko da yake ya ci mini kwanaki. Batirin yana nan yana ƙetarar da mutane. Duk sanda za a ajiye jirgi, a zaurena yake damina, bisa katakonsa, da fitila uku. Har yanzu in na tuna rabin juyin nan na sukudireba sai in ce Allah ne ya tsare. Ba rashin karatu ne ya kusa kashe shi ba, rashin karatu yana da magani a kowace kusurwar mashigin nan. Kalma uku ce ta gagare ni: ban iya ba. Yanzu na iya faɗinta, kuma tun da na fara ban ga ta rage mini komi ba.

Takardar tana nan cikin hula. Sai dai yanzu maiɗakina kan cire ta da kanta in za ta yi wanki, ta miƙo mini ta ce, "Riƙe, Malam."